Robin Vos da Taswirar Wisconsin: Kakakin da Ya Gagari Gwamna

A watan Nuwamba na 2018 mutanen jihar Wisconsin ta Amurka suka fita zaɓe suka kayar da gwamnansu, Scott Walker na jam'iyyar Republican, bayan ya yi shekara takwas a kujera. Tony Evers, tsohon malamin makaranta kuma ɗan Democrat, shi ya yi nasara da ratar ƙuri'u kimanin 29,000. A wannan rana 'yan Democrat suka ɗauki kujerar antoni janar, da ta ma'ajin jiha, da ta sakataren jiha, da ta sanatan da aka yi takara a kanta. Duk wata kujera da jihar gaba ɗaya ta jefa wa ƙuri'a, su suka tafi da ita. Amma da aka ƙidaya kujerun majalisar wakilai ta jihar, sai ga Republican da 63 cikin 99. Kujera ɗaya tak suka rasa.

Wanda ya wayi gari da wannan rinjaye a hannu shi ne Robin Vos, kakakin majalisar tun Janairun 2013, wanda a tarihin jihar babu wanda ya kai shi daɗewa a wannan kujera. Sunansa bai cika fitowa a labaran duniya ba, domin idan ana maganar siyasar Amurka hankalinmu kan tafi fadar White House ne. Alhali abubuwa da yawa da suka shafi rayuwar Ba'amurke kai tsaye a majalisun jihohi ake yanke su: yadda ake kaɗa ƙuri'a da inda ake kaɗa ta, kuɗin makarantu, haƙƙin ma'aikata, dokar bindiga, kuma tun 2022 har da batun zubar da ciki. Uwa uba, a yawancin jihohi 'yan majalisa ne da kansu ke shata iyakokin mazaɓun da za su tsaya takara a ciki. Wannan na ƙarshe shi ne tushen labarin Vos.

Mai karatu a Najeriya zai ga abin banbaraƙwai. Tsarin shugaban ƙasa da gwamnoni da muka ɗauka a 1979 daga Amurka aka aro shi, amma majalisun jihohinmu an fi saninsu da amshin shatar gwamna, kuma shata mazaɓu aikin hukumar zaɓe ne. Sai dai Kaduna ta taɓa ganin irin wannan a jamhuriya ta biyu, lokacin da majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, ta kuma tsige shi a 1981. Abin da aka yi a Kaduna cikin shekara biyu da zafi-zafi, a Wisconsin an yi shekaru ana yin mai kama da shi a hankali, da dokoki da lauyoyi.

An haifi Vos a 1968 a Burlington, wani ƙaramin gari a gundumar Racine da ke kudu maso gabashin jihar. Ya yi jami'a a Whitewater, inda ya yi zaman ɗaki ɗaya da Reince Priebus, wanda daga baya ya shugabanci jam'iyyar Republican ta ƙasa, ya kuma zama shugaban ma'aikatan fadar Donald Trump. Vos ya yi shekara goma a majalisar gundumarsu, sannan aka zaɓe shi majalisar jiha a 2004. Ɗan kasuwa ne, yana da kamfanin gugguru da gidajen haya. Ra'ayinsa na riƙau irin na 'yan kasuwa ne: a rage haraji, a taƙaita hannun gwamnati, a bai wa iyaye kuɗin gwamnati su kai 'ya'yansu makarantun kuɗi in sun ga dama, a rage wa ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi. Ba mai ɗumama taro da ihu ba ne. Mai lissafi ne, ya san yawan ƙuri'un da ke aljihunsa kafin a shiga zaure.

Tauraruwarsa ta fito a 2011. Zaɓen 2010 ya bai wa Republican gwamna da majalisu biyu na jihar a lokaci guda, aka naɗa Vos ɗaya daga cikin shugabanni biyu na kwamitin haɗin gwiwa kan kuɗi, kwamitin mutum 16 da duk kasafin jihar ke bi ta hannunsa. Ta nan aka bi da dokar da ake kira Doka ta 10, wadda ta karya lagon ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati. Ta hana su ciniki da gwamnati a kan komai sai tsagwaron albashi, shi ma kada ƙarin ya wuce hauhawar farashi. Ta hana a cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye, ta kuma tilasta wa kowace ƙungiya ta sake neman amincewar mambobinta duk shekara. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana aka ware. Dubun dubatar mutane suka mamaye ginin majalisa a Madison, babban birnin jihar, cikin tsananin sanyi, sanatocin Democrat 14 suka tsallaka jihar Illinois don kada zama ya cika, amma doka ta wuce. Magoya bayanta na cewa ta ceto wa ƙananan hukumomi da makarantu kuɗi masu yawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kowa ya san cewa ƙungiyoyin nan su ne ƙashin bayan Democrat wajen kuɗi da masu bi gida-gida lokacin kamfe. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

A shekarar ce kuma aka zana taswira. Bayan kowace ƙidayar jama'a ta shekara goma-goma ana sake shata mazaɓu, kuma ta 2011 ta faɗo daidai lokacin da wuƙa da nama ke hannun jam'iyya ɗaya. A ofishin wani kamfanin lauyoyi da ke daura da majalisa aka yi aikin, da kwamfuta da alƙaluman zaɓukan baya, aka sa 'yan majalisar Republican suka sa hannu a takardar alkawarin ba za su faɗi abin da suka gani ba. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Magoya bayan abokin hamayya ka tara su jingim a mazaɓu kaɗan, su ci da kashi 80 cikin 100, sauran ƙuri'unsu su tafi a banza. Waɗanda suka rage kuma ka yayyanka su ka watsa cikin mazaɓu masu yawa, inda ko'ina za su tsaya a kashi 40 da 'yan kai. Tun 1812 Amurkawa suka san wannan wasa, daga wani gwamnan Massachusetts mai suna Elbridge Gerry, amma kwamfuta ta mai da shi aikin awo da ma'auni. A zaɓen 2012, na farko a kan sabuwar taswira, 'yan takarar Democrat sun fi yawan ƙuri'u a jimla, Republican suka tashi da kujeru 60.

Dole a yi wa Vos adalci a nan, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Yana cewa 'yan Democrat da kansu suka cunkushe a birane biyu, Milwaukee da Madison, don haka ko wane ne ya riƙe alƙalami Republican za su ɗan fi yawan kujeru. Yana kuma cewa a mazaɓu da dama jam'iyyarsa ba ta tsai da kowa ba, shi ya kumbura jimlar ƙuri'un ɗaya ɓangaren. Duka biyun haka ne. Amma ga ma'aunin da ba ya karɓar wannan uzuri: a 2018 Walker ya faɗi a jihar gaba ɗaya, amma shi ne kan gaba a mazaɓu 63 cikin 99. Zaman birni da ƙauye zai iya ba da 'yar rata, ba zai ba da wannan ba. Bayan zaɓen ne Vos ya faɗi maganar da ta bi shi, cewa in aka cire Madison da Milwaukee daga lissafi jam'iyyarsa ce ke da rinjaye bayyananne. A ganina wannan jimla ta fi duk wani jawabi nasa bayyana yadda yake kallon jihar. Mutanen biranen nan 'yan Wisconsin ne, haraji suke biya, ƙuri'arsu ɗaya ce da ta manomin Racine.

An kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka. A 2018 ta mayar da shari'ar Wisconsin baya a kan cewa masu ƙara ba su nuna cutarwar da ta shafe su kai tsaye ba, a 2019 kuma, a wata shari'a daga North Carolina, ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga rigimar shata mazaɓu don amfanin jam'iyya. Ƙofar tarayya ta rufe ke nan.

Abin da taswira ta saya wa Vos shi ne rashin tsoro, kuma an ga amfaninsa tun kafin Evers ya sha rantsuwa. A Disambar 2018, a 'yan makonnin da suka rage wa Walker, majalisa ta yi zaman gaggawa da aka kwana ana yi, ta zartar da dokokin rage ikon gwamna da antoni janar masu jiran gado. Evers ya yi kamfe da alkawarin janye jihar daga ƙarar da ake yi da tsarin inshorar lafiya na Obama, sai aka ce ba zai iya ba sai da izinin majalisa. Antoni janar Josh Kaul aka ce ba zai sasanta wasu shari'u ba sai kwamitin kuɗi ya yarda. Aka taƙaita kwanakin kaɗa ƙuri'a da wuri. Walker ya sa hannu ya tafi. Vos ya ce daidaita ƙarfi ne tsakanin majalisa da gwamna. Da da gaske ne, shekara takwas da Walker ya yi sun isa a yi wannan gyara. Ba a tuna da shi ba sai da kujera ta koma hannun wani. Wannan shi ne abin da na fi ɗauka da nauyi a tarihinsa, domin zaɓe yana da ma'ana ne idan wanda ya faɗi ya miƙa kujerar yadda ya same ta.

Shekarun da suka biyo baya tubka da warwara aka yi ta yi. Gwamna ya kira zama na musamman kan dokar bindiga a 2019, kan zubar da ciki a 2022, majalisa ta buɗe zama ta rufe cikin 'yan daƙiƙoƙi ba tare da an ce uffan ba. Kuɗin tarayya na faɗaɗa inshorar lafiyar talakawa, wanda jihohi 40 suka karɓa, Vos ya ce a kai kasuwa. Ko ƙudurin tsawaita wa masu jego wannan inshora zuwa shekara guda, wanda majalisar dattawan jihar ta amince da shi kusan baki ɗaya, ya yi shekaru yana hana a kawo shi zaure. Nan ne ake ganin ainihin ƙarfin kakaki. Shi ke naɗa shugabannin kwamitoci, shi ke cewa wane ƙuduri zai ga rana, kuma asusun kamfe na 'yan majalisar jam'iyya a ƙarƙashinsa yake. Ɗan majalisar da ya yi masa tsaurin ido zai iya rasa kwamiti yau, ya rasa kuɗin kamfe gobe.

Shi ma Evers bai naɗe hannu ba. Ya hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurori fiye da 100 a zango guda. A 2023 kuma ya yi amfani da ikon da gwamnan Wisconsin ke da shi na goge kalmomi da lambobi a kasafin kuɗi, ya goge lambobi biyu da ɗan layin da ke tsakani, ƙarin dala 325 ga kowane ɗalibi da aka tsara zai ƙare a 2025 ya koma zai ci gaba har shekarar 2425. Wannan ma ba hanyar yin doka ba ce. Idan ɓangare ɗaya ya saba matse kowace ƙa'ida har ta yi ƙara, ɗayan ma koya yake yi.

Hoton Vos da ya fi yawo a duniya na ranar 7 ga Afrilun 2020 ne. Annobar korona na kan ganiyarta, gwamna ya nemi a ɗage zaɓen da aka shirya, shugabannin majalisa suka garzaya kotu suka hana. Birnin Milwaukee da ya saba buɗe rumfuna kusan 180 ya buɗe biyar, mutane suka yi awoyi a layi. Vos yana aikin rumfa a Burlington, sanye da rigar kariya da takunkumi da safar hannu, yana gaya wa jama'a cewa fita babu haɗari.

Daga nan labarin ya juya, kuma juyawar ce ta sa na ga ya cancanci a yi nazarinsa. Mazaɓar da aka zana don kada ɗan wata jam'iyya ya taɓa cin ta, ba ta kawar da barazana, wuri take sauya mata. Babban zaɓe ya zama cika ƙa'ida, ainihin takara ta koma zaɓen fid da gwani, inda mutane kaɗan ke fitowa, kuma mafi zafin ra'ayi ne ke fitowa. Ɗan majalisa ya daina tsoron mai ƙuri'ar da ke tsaka-tsaki, ya koma tsoron wanda ya fi shi tsauri a cikin gida.

A Nuwamban 2020 Joe Biden ya ci Wisconsin da ratar ƙuri'u kimanin 20,600. Trump ya biya aka sake ƙidaya a gundumomi biyu mafi girma, ratar ta ƙaru da 87. Hukumar binciken kuɗi ta majalisar, wadda ba ta jam'iyya ba ce, ta duba ba ta ga maguɗin da zai sauya sakamako ba. Duk da haka magoya baya na ta kumfar baki, Trump na zargin shugabannin majalisar da rufa-rufa. A tsakiyar 2021 Vos ya ɗauko Michael Gableman, tsohon alƙalin Kotun Ƙolin jihar, ya ba shi kasafin dala 676,000 na kuɗin jama'a ya binciki zaɓen. Alamu sun nuna lissafinsa shi ne a ba masu fushi abin da za su riƙe har wutar ta lafa. Gableman da bakinsa ya amsa cewa bai da cikakkiyar fahimtar yadda ake gudanar da zaɓe. Ya nemi a ɗaure magadan garin Madison da Green Bay, kotu ta kama ofishinsa da raina umarninta kan takardun da jama'a ke da haƙƙin gani, a Maris na 2022 kuma ya tsaya gaban majalisa ya ce ta duba yiwuwar soke sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Lauyoyin majalisar sun riga sun ce babu wata hanya a doka da za a yi haka. Kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa, Vos kuwa da kuɗin jama'a ya saye ta.

A Yulin 2022 Kotun Ƙolin jihar ta haramta akwatunan da ake ajiyewa a waje don jefa ƙuri'ar da aka cike a gida. Trump ya ɗaga waya ya kira Vos, ya ce ga dama ta samu, a soke nasarar Biden. Vos ya ce tsarin mulki bai ba shi wannan iko ba. Ya tsaya a kan haka, kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin ya san farashin. Trump ya kira shi Republican na suna kawai, ya ɗaga hannun wani sabon shiga mai suna Adam Steen, ya zo jihar ya yi gangami ana saura kwana huɗu zaɓe. Gableman, wanda Vos ke biya albashi, ya fito ya mara wa Steen baya. Ranar 9 ga Agusta kakakin da ya fi kowa ƙarfi a jihar ya tsira a mazaɓarsa ta gida da ƙuri'u 260. Bayan kwana uku ya kori Gableman, ya kira shi abin kunya ga jihar. Binciken ya lashe fiye da dala miliyan ɗaya bai gano komai ba. A 2024 magoya bayan Trump suka sake taso shi da yunƙurin kiranye har sau biyu, duka suka rushe don sa hannun da aka tara bai cika ba.

Ina yaba masa ƙin amsa kiran Trump, ba tare da na manta wanda ya hura wutar shekara guda ba. Watanni 14 da Gableman ya yi yana yawo da tambarin majalisa sun ƙara wa dubban mutane imani cewa an sace zaɓensu, kuma korarsa ba ta goge wannan ba.

Taswirar kuwa ta hanyar da ba za a iya zana mata iyaka ba aka ɓullo mata. A Wisconsin zaɓen alƙalan Kotun Ƙoli ake yi, kuma jihar gaba ɗaya ce mazaɓarsu. A Afrilun 2023 Janet Protasiewicz, wadda ta fito fili ta ce an yi coge a taswirar, ta ci da ratar kashi 11 cikin 100, a takarar da aka kashe sama da dala miliyan 50. Rinjayen kotun ya koma hannun masu sassaucin ra'ayi, huɗu da uku, karon farko cikin shekara 15. Vos ya yi barazanar tsige ta tun ba ta yanke hukunci ko ɗaya ba, in har ba ta janye daga shari'ar ba. Ya nemi shawarar tsofaffin alƙalai, David Prosser, wanda shi ma ɗan riƙau ne kuma tsohon kakakin wannan majalisa, ya ce masa kada ya yi. Ya janye. A Disamba kotu ta soke taswirar, wadda 'yan Republican suka sabunta bayan ƙidayar 2020 a kan tushen ta 2011, bisa dalilin da ke rubuce a tsarin mulkin jihar: mazaɓa dole ta kasance a haɗe, ga shi da yawa daga cikinsu na da tsibirai da ba su taɓa jikin uwar mazaɓar ba.

A nan mai lissafin ya sake nuna kansa. Da ya ga kotu za ta zaɓi taswira da kanta, kuma cikin waɗanda aka gabatar akwai waɗanda suka fi muni ga jam'iyyarsa, sai ya sa majalisa ta zartar da taswirar da Evers ya zana, ba tare da an taɓa ko layi ɗaya ba. Yawancin 'yan Democrat a zauren ma ƙin goyon baya suka yi, don suna zargin akwai tarko. Gwamna ya sa hannu a Fabrairun 2024.

A Nuwamban shekarar Trump ya ci jihar da ratar ƙuri'u kimanin 29,000, Republican suka riƙe majalisar wakilai da kujeru 54 da 45, bayan suna da 64. A majalisar dattawa suka sauko daga 22 zuwa 18 cikin 33. Vos ya ci sabuwar mazaɓarsa, aka sake zaɓensa kakaki, ya kuma ce wannan ya tabbatar da abin da ya daɗe yana faɗa, cewa ko da taswirar abokin hamayya jam'iyyarsa na iya cin zaɓe. Yana da gaskiya, kuma wannan gaskiyar ce ke tuhumarsa. In rinjaye na samuwa a fili, to shekara goma sha uku na ɓoyayyen zane bai ƙara masa komai ba sai kujeru goma na rarar da ta sa bai buƙatar sauraron kowa. Yanzu mutum biyar suka juya masa baya, ƙuduri ya faɗi. Kasafin kuɗin 2025 sai da aka zauna da gwamna aka yi ciniki, aka ƙara kuɗin kula da yara da na jami'o'i a madadin rage harajin da Republican ke so, kuma bai wuce majalisar dattawa ba sai da ƙuri'un wasu sanatocin Democrat.